YAWON BUƊE IDO A ƘASAR DUTSE: DIREBA SHI NE IDON BAƘO

Masu iya magana sun ce baƙo makaho ne ko da yana da ido. Mutum ya iya wuce kabarin sarki ya zaci tarin ƙasa ne, ya iya zama a inuwar dutsen da ya yi suna a duniya bai san ya zauna ba, muddin babu ɗan gari kusa da shi wanda zai ce masa, "Tsaya ka duba." Saboda haka ne ƙasashen da suka mai da yawon buɗe ido sana'a ba su wasa da mutumin da ke tuƙa baƙo.

A tsibirin Zanzibar na ƙasar Tanzaniya, can cikin tekun Indiya, miji da mata sukan sauka don hutu, su ɗauki shatar mota da direbanta kwana uku ko huɗu. Shi zai kai su tsohon birnin nan na gidajen dutse, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin jerin kayan tarihin duniya a 2000, ya kai su gonakin kanumfari da kirfa, ya shiga da su dajin Jozani inda jajayen birai suke. Haka abin yake a tsibirin Siri Lanka, inda direba kan hau da baƙinsa tuddan gonakin shayi, ya tsaya da su gindin dutsen Sigiriya mai zanen da aka yi tun ƙarni na 5. A duk waɗannan wurare direban yakan san labarin abin da yake nunawa, kuma rabin daɗin tafiyar daga bakinsa yake fitowa.

To, mu nan ba mu da teku, ba mu da tsibiri. Amma in miji da mata suka zo ƙasar Dutse suka ɗauki shatar mota, me za su gani, wa kuma zai gaya musu abin da suka gani? Don in sami amsar da zan iya ba masu karatu, a hutun makaranta na lokacin sanyi ni da mai ɗakina muka ɗauki mota kwana uku muka zaga tsakiyar Jihar Jigawa.

YADDA AKE ƊAUKAR SHATA

Wanda zai yi irin wannan tafiya da iyalinsa, kada ya tare mota a bakin hanya. Ya tafi tasha, ya nemi shugabannin direbobi, su ba shi mutumin da suka sani, suka san gidansa. Sa'an nan a yi magana a gabansu tun ba a tashi ba: nawa ne kuɗin yini, wa zai zuba mai, wa zai ɗauki abincin direba da makwancinsa. A ƙara da sharaɗi uku, watau a tsaya lokacin salla, ba gudu, ba tafiyar dare. Mu aka haɗa mu da wani dattijo mutumin ƙasar Kiyawa, wanda ya shekara ashirin da ɗoriya yana tuƙi tsakanin Kano da Dutse da Haɗeja, mai haƙuri, mai ladabi, ba ya kiran mai ɗakina da kome sai Hajiya.

RANAR FARKO: GARU DA DABINO

Ran Asabar muka fara da Dutse kanta. Garin kashi biyu ne ga mai lura. Akwai sabuwar Dutse ta tituna masu faɗi da ofisoshin Gwamnati, wadda ta tashi tun daga ran 27 ga Agusta, 1991, sa'ad da aka yanke Jigawa daga Jihar Kano aka mai da Dutse hedkwata. A nan Jami'ar Tarayya take, wadda aka kafa a 2011, da filin jirgin sama da aka buɗe a 2014. Akwai kuma Garu, tsohon gari, wanda ke maƙale cikin duwatsu, inda tsohuwar fadar Sarki take da zanen bango mai launi iri iri, aikin magina na gargajiya.

Wanda ya hau Garu ya waiga ƙasa, nan da nan zai gane dalilin da ya sa mutanen da suka zaɓi wurin. Duwatsun sun kewaye shi kamar ganuwa, ana hangen mai zuwa tun daga nesa. Tsofaffi suna cewa wani maharbi da ake yi wa laƙabi da Gadawur shi ya fara zama a nan, shi ya sa ake cewa Dutsen Gadawur. Tarihin sarakunan Kano kuwa ya ambaci Dutse tun zamanin Sarki Abdullahi Burja, wanda ya yi sarauta daga 1438 zuwa 1452, ya ce ya auri 'yar Sarkin Dutse. Ya kuma ba da labarin yaƙin da Sarkin Kano Kumbari, mai sarauta daga 1731 zuwa 1743, ya kawo wa Dutse. Garin da Sarkin Kano ya nemi aure cikinsa, wani Sarkin kuma ya ɗauro masa yaƙi, ba ƙaramin gari ba ne tun fil azal.

Da la'asar direbanmu ya sauko da mu wajen dabino, a nan kuwa ya nuna mana shi ɗan ƙasa ne. Ya nuna mana namijin dabino da macensa, ya bayyana yadda manomi ke hawa ya ɗebo furen namiji ya sa cikin na mace, abin da ake kira barbara, wanda in ba a yi shi ba 'ya'yan ba su yin kirki. Ya ce dabinon wannan ƙasa yakan yi 'ya'ya sau biyu a shekara, na rani da na damina, kuma na rani ya fi ajiyuwa. Wannan albarka ce ta sa cibiyar NIFOR, mai binciken itatuwan kwakwa da dabino, ta kafa reshenta na dabino a Dutse. Abin da direban Zanzibar ke yi a gonar kanumfari, shi namu ya yi mana a gindin dabino, ba tare da kowa ya koya masa ba.

RANA TA BIYU: KASUWAR GUJUNGU

Ran Lahadi muka yi sammako muka bi ta Kiyawa da Jahun zuwa Gujungu, domin ran nan kasuwarta ke ci. A hanya ne mutum ke ganin ma'anar sunan jihar, ga jigawa nan, tudun rairayi mai gero da gyaɗa da riɗi, sa'an nan sai ƙasa ta gangara zuwa fadamun kogin Haɗeja inda ake noman shinkafa da alkama da kayan lambu.

Gujungu tana cikin manyan kasuwannin hatsi da dabbobi na Arewa. Manyan motoci suna jere ana loda musu buhuna, wasu za su kudu, wasu za su Kano. Riɗin Jigawa yana kai wa har Japan da Turkiyya, zoɓonta kuma har Meziko, amma manomin da ya kawo buhu biyu a kan amalanke sau da yawa bai san inda kayansa za su kwana ba. Direbanmu ya san dillalai, ya san layin da ake sayar da kowane abu, ya san rumfar da mace baƙuwa za ta zauna ta huta ba a matse ta ba. Ya taya mai ɗakina cinikin tabarmi da faifai, da za a tsawwala mata sai ya ce wa mai kayan, "Haba ɗan'uwa, baƙina ne, yi musu kuɗin gida."

Wanda ke da kwana na huɗu, daga nan sai ya zarce Haɗeja ya isa Baturiya a ƙasar Kirikasamma, inda tsuntsaye ke zuwa daga Turai su yi sanyi a fadama. Tun 2008 wurin yake cikin jerin fadamun da duniya ta yi alkawarin kiyayewa bisa yarjejeniyar Ramsar.

RANA TA UKU: DUWATSUN BIRNIN KUDU

Ran Litinin muka bi ta Kwanar Huguma zuwa Birnin Kudu, tafiyar kamar sa'a guda. Garin ya yi suna da Kwalejin Gwamnati wadda ta yaye manyan mutane da yawa, amma akwai abin da ya girme ta nesa ba kusa ba. A cikin duwatsun da ke gefen gari, irin su Dutsen Habude da Dutsen Mesa da Dutsen Murufu, akwai zanen shanu da mutanen da suka yi a jikin dutse, a ƙarƙashin inuwar da ruwan sama ba ya taɓawa. Bernard Fagg, Baturen da ya kafa gidan tarihi na Jos a 1952, shi ya bincika su cikin shekarun 1950, ya ba duniya labarinsu. Yau suna hannun Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, tana da ma'aikata a wurin masu yi wa baƙo jagora.

Mai ɗakina, da yake cikin shanu ta tashi, ta daɗe tana duban zanen, can sai ta ce, "Malam, ai shanun nan ba su da tozo." Wannan kuwa shi ne babban abin da masana suka lura da shi. Shanun da muke kiwo yau masu tozo ne, amma na jikin dutsen doron bayansu a miƙe yake, wasu da dogayen ƙaho, wasu da gajeru irin na muturu. Watau waɗanda suka yi zanen sun zauna a nan suna kiwo tun shanu masu tozo ba su cika wannan ƙasa ba. Shafi ne na tarihinmu wanda ba a rubuta shi da tawada ba, kuma babu kwafinsa a ko'ina.

Kusa da zanen akwai duwatsu masu amo. In aka buga su da ƙaramin dutse sai su yi ƙara kamar kuge, kowane gefe da irin muryarsa, kuma bugun shekaru aru aru ya yi musu ramuka masu santsi. An rubuta cewa a da akan kai amare wajen waɗannan duwatsu gab da biki, su yini tare da ƙawayensu. Ashe wurin da miji zai kai matarsa kallo yau, kakanninta sun riga shi sanin hanyarsa.

A nan ne direbanmu, wanda ya yini biyu yana koya mana, ya yi shiru. Ya tsaya ya riƙe baki, sa'an nan ya ce, "Wallahi Malam, na wuce garin nan ya fi a ƙirga, ban taɓa jin akwai wannan abu ba." Ya ɗauki ɗan dutse ya buga, ya saurara, ya ce sai ya kawo 'ya'yansa.

ABIN DA YA KAMATA A YI

Jama'a, laifin ba na direba ba ne. Abin da ido da kunne suka ba shi, na dabino da kasuwa da hanya, ya riƙe shi da kyau. Abin da sai an karantar da mutum zai sani, shi ne bai samu ba, domin ba wanda ya ba shi. Yara nawa ne a makarantunmu suka haddace sunayen kogunan Turai, amma ba a taɓa kai su Habude ba, alhali kuwa tafiyar safiya guda ce?

Akwai hatsari cikin wannan rashin sani. Dutsen da mutane ba su san darajarsa ba, wata rana mai fasa dutse zai sa masa wuta da guduma ya sayar wa magina, ko yaro ya ɗauki gawayi ya rubuta sunansa a kan zanen. In gini ya rushe a sake wani, in zanen nan ya tafi ya tafi ke nan.

Shawarata uku ce. Ta farko, kwalejojin horon malamai su sa ziyarar Garu da Birnin Kudu cikin aikin kowane ɗalibi kafin a ba shi takardar shaida, domin malamin da ya gani da idonsa shi zai kai 'yan ajinsa. Ta biyu, hukumar da ke kula da al'adu ta haɗa kai da ƙungiyar direbobi da malaman tarihi na Jami'ar Dutse, a shirya kwas na mako guda da Hausa, a koya wa direbobin da ke so labarin wuraren nan da ladabin ɗaukar baƙo, a ba su shaida, don mai neman shata ya san wanda zai tambaya a tasha. Ta uku, a buga ɗan littafi mai araha da boko da ajami, mai taswira da ranakun kasuwanni, a ajiye a tashoshi da masaukai. Ba ɗaya cikin ukun nan da ke bukatar kuɗi mai yawa, amfaninsu kuwa zai kai ga mai masauki da mai abinci da mai saƙar tabarma.

Ga magidanta kuma, ba sai mutum ya tara kuɗin jirgi zuwa wani tsibiri ba kafin ya fita da iyalinsa su ga ikon Allah. Lokacin sanyi ya fi dacewa, hanya a bushe, rana ba zafi. A ɗauki guzuri da ruwa, a nemi izini kafin a shiga fada ko a ɗauki hoton mutum, a sallami jagora da abin da ya sawwaƙa. Gani ya kori ji. Allah Ya kai mu lafiya, Ya komo da mu lafiya, amin.