Wuƙa da gatari: a duba ƙarfe kafin a biya

Kaka ta yi. Hatsi ya shiga rumbu, an saida wake da gujiya. Yanzu ne manomi ke da ƴan kuɗi a hannu. Yanzu ne kuma makiyayi ke shirin gangarowa kudu da dabbobinsa. Kowane cikinsu yana bukatar wuƙa da gatari, a gida da cikin daji.

Ranar kasuwa ana shimfiɗa su birjik. Akwai na maƙera, akwai na waje masu walƙiya. Hausawa sun ce araha ba ta ado. Amma talaka ba ado yake nema ba, aiki yake nema. Ana samun mai kyau cikin masu araha. Sai dai mai saye ya san abin da zai duba.

Kowane aiki da ƙarfensa

Ƙaramar wuƙa ta yankan igiya ce, da gyaran kaba, da fiƙe sanda, da fiɗa. Adda ta sassabe ce da saran ƙaya. Gatari na saran icce ne da faskare. Gizago na sassaƙa ne.

Wanda ya sa wuƙa aikin gatari zai karya ta. Wanda ya tone ƙasa da gatari zai kashe kaifinsa. Makiyayi mai doguwar tafiya ba ya son nauyi. Ƙaramin gatari da wuƙa ɗaya mai kube sun ishe shi yin zangon dare, da shingen ƙaya, da iccen hura wuta.

Baƙin ƙarfe da farin ƙarfe

Ƙarfen wuƙa iri biyu ne. Na farko baƙin ƙarfe. Yana ɗaukar kaifi da sauri a kan dutse, amma yana tsatsa in ya kwana da ruwa ko jini. Na biyu farin ƙarfe. An gama shi da wani ƙarfe mai suna kurom, sama da kashi 10 cikin 100. Shi ke hana shi tsatsa da wuri. Mai kyansa yana aiki ƙwarai. Amma da yawa cikin masu arahar gaske gwangwani ne. A wasa da safe, kafin azahar ya dakushe.

Walƙiya ba ta nuna kyan ƙarfe. Abin da ke riƙe kaifi shi ne taurin da aka ba shi a wuta.

Aikin maƙera

Maƙeran yanzu ba su narka tama kamar kakanninsu. Da tsofaffin ƙarafa suke aiki. A Yamai, kasuwar Katako ta yi suna wajen wannan sana'a. A karkara kuwa, kusan kowace kasuwa tana da rumfar maƙera.

Ƙarfen da ya fi kyau shi ne na ƙarƙashin mota, mai faɗi, wanda ke ɗaukar nauyin kaya. Wasu na ce masa sifirin. Maƙeri yakan gasa shi da gawayin ƙirya, ya buga, sannan ya tsoma bakin cikin ruwa ko mai don ya yi tauri. In taurin ya yi yawa, bakin zai ɓalle ya yi giɓi. In bai isa ba, zai lanƙwashe. Nan ake gane gwanin maƙeri. Ƙarfen gini da na tano ba su ɗaukar tauri sosai. Gatarin da aka yi da su ba ya jure busasshen icce.

Amfanin sayen kayan maƙerin gari a fili yake. An san shi, an san rumfarsa. In gatari ya ci, a mai da masa ya sake buga baki. Ɗan koli kuwa, yau yana nan, gobe yana wata kasuwa.

Wuƙaƙen waje masu naɗewa

Akwai wuƙaƙen aljihu da aka ƙera tun da daɗewa don masu ƙaramin ƙarfi. Uku sun yi suna.

Opinel daga Faransa take. Wani mai suna Joseph Opinel ya fara yin ta a 1890. Ƙotarta ta icce ce. A 1955 aka ƙara mata zobe da ake murzawa don kada ta rufe kan yatsa. Mai lamba 8 tsawon bakinta santimita 8 da rabi ne. Alamarta hannu ne da kambi.

Douk-Douk ma daga Faransa take, daga garin Thiers, tun 1929. Ƙotarta falle ne na ƙarfe da aka naɗe. Ta yaɗu ƙwarai a ƙasashen Afirka da Faransa ta mulka.

Okapi an fara yin ta a Jamus a 1902. Tun 1988 a Afirka ta Kudu ake ƙera ta.

Amma a lura. Duk abin da ya yi suna yana da jabu. Suna a jikin wuƙa bai isa shaida ba. Kuma wuƙa mai naɗewa ta ƙaramin aiki ce. Ba a sara da ita, ba a ɓamɓara da ita.

Abu 6 da za a duba a kasuwa

1. A duba bakin cikin haske. Kada a sayi mai tsaga, ko da ƙarama ce kamar gashi.

2. A ƙwanƙwasa gatari da wani ƙarfe. Lafiyayye yana ƙara mai tsawo. Mai tsaga ƙararsa a mace take.

3. A roƙi mai saidawa a gwada a kan busasshen icce. Bayan sara a sake duban bakin. In ya lanƙwashe ko ya yi giɓi, a aje.

4. A duba tsikon wuƙa, wato wutsiyar ƙarfen da ke shiga cikin ƙota. In gajere ne, nan za ta karye.

5. A girgiza. Bakin da ke motsi cikin ƙota haɗari ne.

6. A duba ƙotar gatari. Ta zama busasshen icce mai ƙarfi, kamar aduwa ko marke. Kanta ya zama mai ƙulli, don can ne ake huda ramin tsiko. Ƙota maras ƙulli da wuri take tsagewa. Ɗanyar ƙota kuwa, in ta bushe sai rami ya yi faɗi.

Ga lissafi

A ce Malam Wane ya sayi wuƙa dala 100. Bayan wata 3 ta mutu, ya sake wata. A shekara wuƙa 4 ke nan, dala 400, wato jika 2. Maƙwabcinsa ya sayi ta dala 300, ta yi masa shekara 3. Kowace shekara dala 100 ta ci masa. Wa ya sami araha cikinsu? Masu karatun yaƙi da jahilci su gwada wannan lissafi da farashin kasuwarsu.

Washi da ajiya

Dakusasshiyar wuƙa ta fi mai kaifi yanka mai ita. Dalili, sai an danna ta da ƙarfi, sai ta zame. Gatari ma in ya dakushe yakan yi tsalle daga icce ya sami ƙafa.

A wasa a kan dutse da ɗan ruwa, gefe da gefe daidai. Bakin gatari ya fi na wuƙa kauri, kada a rage shi ya yi siriri. Masu kai washi wajen inji su kula. In bakin ya yi zafi har ya yi shuɗi, taurin ya fita. A riƙa tsoma shi cikin ruwa.

Bayan aiki a goge, a shanya, a shafa ɗan man gujiya. Kada a sa wuƙa cikin kube da danshi. In gatari ya yi sako-sako, wasu kan jiƙa shi ya kwana. Wannan maganin yini ɗaya ne. In ya bushe zai fi da girgiɗi. Gara a sake ƙota kafin a bar gari, don ba a fafe gora ranar tafiya.

Kaifi da icce

Gatarin da ke kashe daji, shi ne kuma ke rayar da shi. Tun wajen 1984 manoman jihar Maraɗi suka fara sassaben zamani. Ba a tumɓuke kututture. Ana zaɓen tsiro mafi ƙarfi, daga 1 zuwa 5, a sare sauran. Da wannan dabara gonakin Maraɗi da Damagaram suka sake samun itatuwa, a fili wajen hekta miliyan 5. A 2020 gwamnati ta fitar da doka ta musamman a kan wannan aiki.

Aikin yana son kaifi. A sari reshe daga ƙasa zuwa sama. In an sara daga sama, reshe zai yage ya tafi da ɓawo, rana da ƙwari su shiga. Makiyayi mai sassako ganyen gawo da rani ya rage rassa kawai, kada ya aske icce duka. Dokar daji ta 2004 ta kare wasu itatuwa. Kafin a ka da babban icce, a nemi ma'aikatan gandun daji.

In an yanke

A danne wurin da tsumma mai tsabta har jini ya tsaya. A wanke da ruwa mai kyau da sabulu. Kada a sa ƙasa, ko toka, ko kashin shanu. Ƙwayar ciwon tetanos, mai sanƙarar da haɓa da jiki, cikin ƙasa da kashin dabbobi take. In rauni ya yi zurfi, a tafi gidan likita ranar. Akwai allurar rigakafi.

A rataye gatari inda yara ba su kai. Mai sara ya duba bayansa kafin ya ɗaga hannu. In gardama ta tashi a bakin rijiya ko a kan ɓarnar gona, wuƙa ta zauna cikin kubenta, a kai magana gaban mai gari.

Kuɗin kaka da gumi aka same su. Ranar kasuwa kada a yi gaggawa. A duba, a ƙwanƙwasa, a gwada, sannan a kwance lalita. Allah ya ba da sa'a.