TSOHUWAR MOTAR KOMBI: YADDA A KE GANE ASALINTA DA GYARAN JIKINTA

Wannan takarda an rubuta ta domin Hakimai da Malamansu na ƙasar Zuru, watau Dabai da Danko da Fakai da Sakaba da Wasagu. Dalili kuwa shi ne, sau da yawa in za a yi cinikin tsohuwar mota a ƙauye, gaban Hakimi a kan zo, Malami ya rubuta takardar shaida, Hakimi ya sa hannu. In daga baya motar ta zama ta sata, ko kuwa ruɓaɓɓiya ce aka lulluɓe da fenti har ta hallaka mutane ran kasuwa, sunan wanda ya sa hannu shi za a fara kira. Saboda haka kada a yarda da cinikin biri a sama.

Asalin Motar

Kamfanin Volkswagen na Jamus ya fara ƙera wannan mota a Wolfsburg cikin 1950, sa'an nan aka mai da aikin Hanover cikin 1956. Injinta a baya ya ke, iska ke sanyaya shi, ba ruwa ba. Ƙirar farko, wadda Jamus ta yi har 1967, gilashinta na gaba rabe ya ke biyu. Ƙira ta biyu, daga 1967 zuwa 1979, gilashin guda ɗaya ne mai ɗan lanƙwasa. A Nijeriya an buɗe masana'antar Volkswagen a Ikko cikin 1975, an harhaɗa Kombi a can. Ƙasar Barazil ce ta ƙarshe, ta daina ƙera ta cikin 2013. Tun da ba a yin sabuwa, wadda ta ke da jikinta na asali ta fi daraja ƙwarai bisa wadda aka yi wa faci, kuma bai kamata a bar wa masu sayen tsohon ƙarfe ita su farfasa ba tun ba a duba ta ba.

Yadda Za A Duba

1. Lambar shasi. Tana buge a jikin ƙarfe cikin ɗakin inji, tana kuma kan ɗan allon ƙarfe a wajen kujerun gaba. Tilas su dace da juna, su dace da ta takardun mota. In an ga alamar kankara, ko walda kewaye da lambar, a tsai da ciniki a sanar da 'yan sanda.

2. Karatun lambar. Ga ƙirar Jamus ta 1965 zuwa 1979, alƙaluma biyu na farko su ne irin motar: 21 ta kaya, 23 Kombi, 26 mai buɗaɗɗen baya. Na uku shi ne shekara. Kafin 1970 alƙaluman tara ne, daga 1970 suka zama goma. Misali, lamba mai alƙaluma tara da ta fara da 237, Kombi ce ta 1967, gilashinta kuwa rabe biyu. In aka tarar da gilashi guda, to, takarda da mota ba su san juna ba.

3. Sitiyari. Nijeriya ta koma bin hannun dama ran 2 ga Afrilu, 1972. Motocin da aka kawo kafin nan sitiyarinsu a dama ya ke. In tsohuwa ce amma yana hagu, a duba ko akwai ramukan da aka toshe a daɓen dama.

4. Mayen ƙarfe. A naɗe shi cikin ƙyalle a bi jikin motar da shi sannu sannu. Inda ya kama, ƙarfe ne. Inda ya saki, an cika wurin da fila. Ƙwanƙwasa da yatsa ma tana nunawa, gama ƙarfe amo gare shi, fila kuwa bebiya ce.

5. Walda da fenti. Waldar kamfani ɗige ɗige ce, a jere, tsakaninsu daidai. Ta gareji doguwa ce mai kumburi. Launin asali yakan saura ƙarƙashin robar gilashi da bayan kujeru, inda mai fesa fenti ba ya kaiwa.

Inda Tsatsa Ke Ɓuya

Damina a ƙasar Zuru ta fi ta Sakkwato ƙarfi, jar laka kuwa takan manne a ƙarƙashin mota ta riƙe ruwa har bayan kaka. A sa yaro ya wanke ta, sa'an nan a kwanta a duba da fitila: daɓen ƙafar direba, da dogayen ƙarafan gefe na ƙarƙashin ƙofofi, da bakin rumfar taya, da wurin kafa jak, da gindin gilashin gaba, da mazaunin batir inda ruwansa ke cin ƙarfe. A soka sukundireba. In ta shige, kyan ɗan maciji ne, kome ƙyallin fentin.

Yadda A Ke Gyara

Kafin a kunna wuta a cire batir, a zuƙe mai, a fid da tankin, gama yana kusa da inji. A ajiye yashi kusa. In za a yanke ƙarfen gefe, sai a fara tokare bakin ƙofa da sandar ƙarfe, a gama gefe guda kafin a taɓa ɗayan, don kada jiki ya karkace ƙofa ta ƙi rufuwa.

Lotsawa da guduma a ke fid da ita, da dunƙulen ƙarfe a tare ta baya, daga gefe zuwa tsakiya. Tsatsa kuwa ba ta da magani sai yanka, har a kai ƙarfe mai haske. A yanko sabon falle mai kauri ɗaya da na motar, a haɗa su baki da baki. Ɗora faci bisa ruɓa ɓarna ce, don ruwa zai kwanta tsakaninsu. A yi walda ɗigo ɗigo, ana bari yana hucewa, gama zafi mai yawa yana murɗe falle. Sauri ya kan haifi nawa. Bayan wannan a goge, a shafa fentin hana tsatsa ciki da waje, a sa fila 'yar kaɗan don lallausa fuska kawai. Abin da ya gyaru na asali kada a jefar da shi don sabo.

Aikin Malamin Hakimi

A rubuta lambar shasi da ta inji cikin takardar shaida, da launin mota, da wuraren da aka yi wa walda, da sunayen shaidu biyu. A ajiye kwafi guda a ofishin Hakimi. Motar da za ta ɗauki mutane kuwa, a tura mai ita wurin jami'an duba lafiyar motoci kafin ta hau hanya. Ana roƙon Hakimai su karanta wa Dagatai da masu gareji wannan bayani a zamansu na gaba.