Ɗan famfon da ke tsawaita ran tsohuwar mota a iyakar Lolo

Garin Lolo da ke Ƙaramar Hukumar Bagudo a Jihar Kebbi yana bakin iyakar Najeriya da Jamhuriyar Benin, kusa da inda Kogin Neja ke shigowa ƙasar nan. A ɗaya ɓangaren akwai Madekali, gaba kaɗan kuma babbar kasuwar Malanbil. A irin waɗannan hanyoyi na kan iyaka, tsohuwar mota jari ce, da ita ake ɗaukar buhunan shinkafa da albasa da fasinjojin cin kasuwa.

Motar da ta fi yin suna a wannan aiki ita ce Peugeot 504, wadda ta fara fitowa a Faransa a 1968. Kamfanin PAN na Kaduna, wanda ya soma haɗa motoci a 1975, ya daɗe yana fitar da ita bayan an daina ƙera ta a Turai. Tun da Gwamnatin Tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa daga watan Janairun 2017, kuma farashin na hannu ya yi tashin gwauron zabi, mai tsohuwar mota ya ƙara riƙe abarsa da kyau.

Matsalar tana lagireto

Babban abokin gabar tsohon inji a yankin shi ne zafi, domin a watannin Maris da Afrilu yanayi kan haura digiri 40. Direban da motarsa ta yi zafi a hanya kan ɗebi ruwan da ya samu, na rijiya ko na kogi, ya ɗura wa lagireto. Laka da gishirin da ke cikin ruwan suna taruwa sannu a hankali, su toshe siraran bututun da ruwa ke bi ya huce. Daga nan sai gasket ya ƙone, wani lokaci kan injin ya lanƙwashe.

Maganin shi ne a riƙa zubar da tsohon ruwa ana wanke cikin. Lagireton da ke jikin tsofaffin motoci na tagulla ne, kuma galibi yana zuwa da ɗan famfo a ƙasa. Idan ya mutu, wanda ake samu a kasuwa yanzu na alminiyam ne, wasu kuma ba su da famfon sam. Sai dai a cire tiyon ƙasa, ruwa ya fantsama ko'ina, tsohon tiyo kuma ya iya tsagewa. Saboda wannan wahala, direbobi da yawa sai dai su yi ta ƙara ruwa a kan tsoho.

Yadda ake saka famfon

Aikin ba irin na lagireton tagulla ba ne, wanda ake liƙewa da dalma. Dalmar da aka saba da ita ba ta kama alminiyam. Shi alminiyam yana narkewa a kusan digiri 660, amma siririn ɓawon da ke rufe fuskarsa sai ya kai wajen digiri 2,000. Wanda bai san kan aikin ba zai yi ta ba shi wuta, kafin ya ankara tankin ya ɓule. Don haka ake neman mai waldar agon, wanda ya saba da alminiyam.

Da farko a sauke lagireton, a wanke shi, ya bushe. A zaɓi wuri mafi ƙasa a jikin tankin, nesa da bututun, inda hannu zai iya kaiwa bayan an mayar da shi. A huda, a goge wurin da burushin ƙarfe marar tsatsa, sannan a yi waldar ɗan zobe na alminiyam mai zare a ciki. A cikin zoben ake ɗaura famfon. Kafin a mayar, a sake wanke ɓarɓashin hujin, a toshe bakunan, a hura iska kaɗan a nutsa shi a ruwa. Idan kumfa ta tashi, da sauran aiki.

Akwai abin lura guda biyu. Idan tankin na roba ne, babu batun walda. Sannan famfon tagulla a jikin alminiyam, idan ruwa na ratsa su, yana sa alminiyam ɗin ya riƙa cinyewa. Famfon alminiyam ko murfin roba mai ɗaukar zafi ya fi aminci.

Inda babu mai waldar agon a kusa, akwai hanya mai sauƙi: a yanka tiyon ƙasa, a saka ɗan guntun bututu mai famfo a tsakani, a ɗaure da kilif biyu. Ba a taɓa lagireton ba, balle a yi asararsa.

Bayan an saka

Kada a buɗe famfo ko murfin lagireto inji na da zafi, domin ruwan na cikin matsi, yana iya sale fata. Ruwan sanyaya inji na kanti ya fi ruwa zalla, saboda yana ɗauke da sinadarin hana tsatsa, kuma ba ya saurin tafasa. Sai dai guba ne mai ɗanɗanon zaƙi. A gari irin Lolo, inda shanu da awaki ke yawo, jama'a kuma ke cin abinci daga kogi, ya kamata a tare shi a jarka a rufe, kada a kwarara shi a ƙasa.

Bayan an zuba sabon ruwa, a tayar da inji ya ɗumama don iskar da ta maƙale ta fita, a bari ya huce, a cike gibin. Kuɗin famfo da walda bai kama ƙafar na gyaran kan inji ba, ballantana kwanakin kasuwar da mota za ta rasa tana ajiye a gareji.