Tafiya a Kan Keke a Ƙasar Gumel: Daga Gagarawa Tasha Zuwa Maigatari



Wataƙila wasu daga cikinku su yi mamakin abin da ya haɗa malamin Hausa da zancen keke, tun da yake a wurin yawancinmu keke abin hawan wanda bai sami babur ba ne. To, dalilina shi ne, akwai wani irin ilmi na ƙasa da na harshe wanda ba ya samuwa ga mai gudu a mota. Mai tafiya a ƙafa yana samunsa, sai dai ba ya cin nisa. Mai keke kuwa yana iya yin kilomita 12 ko 15 a sa'a guda bisa hanya mai kyau, yana jin sallamar mutane yana amsawa, kuma duk inda ya ga dattijo a gindin tsamiya yana iya taka burki ya sauka. Ƙasar da nake so mu duba ita ce masarautar Gumel, watau ƙananan hukumomin Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, a arewacin Jihar Jigawa, wadda aka cire daga Jihar Kano a 1991.

A ƙasashen Turai wannan al'amari ya daɗe da zama aikin hukuma. A Ingila, tsakanin 1979 da 1986, an mai da tsohuwar hanyar jirgin ƙasa da ke tsakanin biranen Biristol da Bat ta zama hanyar masu keke da masu ƙafa, kuma daga irin wannan aiki ne aka kafa tsarin hanyoyin keke na ƙasar baki ɗaya a 1995. A nan kusa da mu, Burkina Faso tana yin gasar tseren keke ta ƙasa tun 1987. Amma ba tsere nake nufi ba, ba kuma cewa nake yi a zuba kwalta saboda baƙi masu yawon buɗe ido ba. Hanyoyinmu suna nan, ƙafar mutum da ta jaki ne suka share su. Abin da ya rage shi ne a san su, a rubuta su, a kuma kiyaye su.

Bari mu fara daga Gagarawa Tasha, domin sunan kansa darasi ne. Akwai Gagarawa Gari, akwai Gagarawa Tasha. Garin shi ne na asali. Tashar kuwa 'yar jirgin ƙasa ce. Jirgi ya iso Kano a 1911, sa'an nan aka ja reshe daga Kano ta Ringim da Taura da Gagarawa da Malam Madori har ya kai Nguru a 1930. Ba don fasinja aka shimfiɗa wannan reshe ba, an yi shi ne domin kwasar gyaɗa da fatu da dabbobi. Duk inda aka kafa tasha sai ma'auna su zo, sai 'yan dako da masu abinci da masu masauki su biyo, kafin a ankara sabon gari ya tsiro a gefen tsoho. Fari na farkon shekarun 1970, da cutar da ta halaka gyaɗa a 1975, su ne suka karya wannan ciniki, zirga-zirgar jirgi kuma ta ja baya ƙwarai. Yau riɗi da zoɓo ne suka maye gurbin gyaɗa a wurin manoma da yawa. Ɗalibin da zai kwana ɗaya a Tasha yana tambayar tsofaffi yadda ake awo, da yadda ake kiran buhu da sikeli da dillali, da kirarin da 'yan dako suke yi wa juna, lalle zai koma da abin da ba ya cikin ƙamus.

Daga nan sai a miƙa arewa maso yamma zuwa Gumel, tafiyar hantsi ce ga wanda ya yi sammako. A nan ne matafiyi zai gane ma'anar sunan jihar. Jigawa ƙasa ce mai rairayi, wadda gero da wake da gyaɗa suke so, amma taya ba ta sonta. Bahaushe bai kira kowace hanya da suna ɗaya ba: akwai gwadabe, akwai turba, akwai burtali, watau hanyar dabbobi da ke ratsa tsakanin gonaki. Mai keke dole ya koyi wannan bambanci, don kuwa burtali kofato ya riga ya tone shi, sai dai a sauka a tura. Turbar ƙafa kuwa, ko da siririya ce, ta fi tauri. Ban da rairayi akwai ƙaya, musamman ta aduwa da ta magarya, saboda haka kada kowa ya fita ba famfo da kayan faci. Tsofaffin kekuna masu nauyi irin Raleigh, waɗanda malaman makaranta da ma'aikatan gona na En'e suka yi rangadi da su, sun fi dacewa da wannan ƙasa bisa ga siraran kekunan tsere.

Gumel ita ce zuciyar tafiyar, kuma tarihinta ya sha bamban da na maƙwabtanta. An kafa masarautar wajen 1750 a hannun Ɗan Juma da mabiyansa Mangawa, ta kuma zama mai biyayya ga Barno. Da aka yi jihadi a farkon ƙarni na 19, Kano da Haɗeja da Kazaure suka shiga ƙarƙashin tutar Sakkwato, amma Gumel ba ta shiga ba. Sai ta zauna a tsakanin manya, Damagaram a arewa, Haɗeja a gabas, Kano a kudu maso yamma, ta sha yaƙe-yaƙe da hare-hare har zuwan Turawa a 1903. Fadar ma ba a nan ta fara ba. A 1845 ne aka taso da ita daga Tumbi, wadda yanzu take cikin Jamhuriyar Nijar. Baturen Jamus ɗin nan mai yawon bincike, Barth, ya ratsa ta Gumel a 1851 a kan hanyarsa daga Kano zuwa Kukawa, ya kuma same ta babbar kasuwar kanwa.

Duk wannan tarihi yana nan kwance cikin sunaye, in akwai mai kunnen ji. A cikin Gumel akwai mazaɓun Ɗantanoma da Zango: na farko sunan sarki ne, na biyu kuwa masaukin fatake. A Gagarawa akwai Garin Ciroma, ita kuwa sarautar Ciroma, kamar Galadima, daga Barno Hausa ta aro ta. A Maigatari akwai Fulata, wanda shi ne sunan da Barebari suke kiran Fulani da shi. Akwai kuma Mai'aduwa, garin da itace ya ba shi suna. A ganina, tambayar da ta fi kowace amfani ga ɗalibi in ya isa irin wannan ƙauye ita ce: ina itacen yake? In an nuna masa kututture, ko aka ce an sare shi tun zamanin kakanni, to ya sami labarin gurgusowar hamada daga bakin masu ita, ba daga rahoton ofis ba.

Wannan ya kawo mu ga batun wuraren shaƙatawa. Ƙasar Gumel ba ta da gandun namun daji irin na Yankari, kuma bai kamata a yi wa baƙo alkawarin abin da babu ba. Mai son tsuntsaye da ruwa sai ya ƙara gaba zuwa dausayin Baturiya a ƙasar Haɗeja. Abin da ke nan shi ne gona mai itatuwa, gawo da kuka da tsamiya da kurna, waɗanda manomi ya bari da gangan. Gawo abin lura ne, domin da damina yake zubar da ganye, ya bar wa gero rana da taki, da rani kuma ya yi kore ya ba dabba inuwa da abinci. Akwai kuma jerin darbejiya da aka dasa don kare iska, da sababbin dashe na shirin Babbar Ganuwar Itatuwa wanda Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007.

Wanda yake da kwana guda na ƙari yana iya karkata yamma zuwa Sule Tankarkar da Ɗanzomo ya dawo.

Zangon ƙarshe shi ne Maigatari, arewa da Gumel, a bakin iyaka, kuma a daidaita tafiya ta faɗo ranar Alhamis, ranar da kasuwa take ci. Tana cikin manyan kasuwannin dabbobi na Nijeriya: shanu da tumaki da awaki da raƙuma da dawaki, yawancinsu daga Nijar. A wuni ɗaya za ka ji Hausar Damagaram da ta Kano, da Barbarci da Fulatanci da harshen Buzaye, ka kuma ga yadda dillali yake shiga tsakanin mutum biyu da ba sa jin maganar juna har ciniki ya faɗa. Sai dai kasuwar iyaka ranta a hannun siyasa yake. An rufe iyakar a Agusta 2019, ba a buɗe ta ba sai Disamba 2020. Aka sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na 2023. Saboda haka mai keke ya tsaya a inda hukuma ta ce a tsaya, ko da yake Tumbi da yake marmarin gani ba ta da nisa.

Lokacin da ya dace shi ne bayan kaka, daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Da bazara zafi yakan haura awo 40, kuma babu tarihin da ya kai a sayar da rai dominsa. A tashi da asuba, a sauka kafin azahar. In an isa gari, a fara da ƙofar dagaci ko mai unguwa, a faɗi ko su wane ne da abin da ya kawo su. Kada a ɗauki hoton kowa sai da izninsa, kada kuma a ratsa gonar da ba a girbe ba.

Ga ma'aikata da ke cikin wannan zaure, abin da ake nema daga gare ku bai kai kuɗin kilomita ɗaya na kwalta ba. A auna turbobin nan a sa su a taswira kafin gonaki su cinye su, gama burtalin da aka nome shi ne mafarin rigimar manomi da makiyayi. A kafa alluna da Hausa, boko da ajami, masu faɗin nisa da inda rijiya take. Masauki da abinci a bar wa mutanen gari, su ci moriyar baƙinsu. Tun da aka janye tallafin mai a Mayu 2023 kuɗin mota ya fi ƙarfin ɗalibi mai zuwa bincike, kuma Kwalejin Ilmi ta Gumel tana tsakiyar waɗannan hanyoyi duka. Kekuna ashirin a hannun sashen Hausa, da na'urar ɗaukar magana, sun isa a fara da tsofaffin Gagarawa Tasha waɗanda suka ga zamanin awon gyaɗa da idonsu, tun da mafi ƙuruciya a cikinsu ya ba shekara sittin baya.