Shafin Intanet Ƙofar Ofis Ne

Duk akawun da ya daɗe a bakin tebur ya san takardar cikewa iri biyu ce. Akwai wadda in ka miƙa wa mutum, ko da karatunsa bai yi zurfi ba, kafin ka ɗaga kai ya cike ya dawo maka da ita. Akwai kuwa wadda ko malamin makaranta ka ba, sai ya komo sau uku yana tambayar abin da a ke nufi da layi na bakwai. A zamanin En'e abin ya zo da sauƙi, gama akwai akawu zaune, in mutum ya ruɗe ya warware masa. Yau takardun nan sun koma shafin intanet da manhajar wayar hannu, kuma babu akawu a ciki. Mai neman fansho, da yaron da ke rajistar jarrabawa, da tsohuwar da ke so ta aika wa ɗanta kuɗi, kowa shi kaɗai ya ke da allon wayarsa. In shafin ya rikita shi, shi ke nan, an rufe masa ƙofa ke nan, babu kuma wanda zai kai wa ƙara.

Mun ga ya kamata mu ba masu karatu labarin yadda Gwamnatin Ingila ta bi da wannan matsala, don aikinta ya zama abin koyi a ƙasashe da yawa.

Kafin 2012 kowace ma'aikata a Ingila tana da nata shafi, har suka kai ɗaruruwa, kowanne da irin tsarinsa da irin Turancinsa. Sai mutum ya fara sanin ma'aikatar da ke riƙe da al'amarinsa tukuna ya san inda zai nufa. Cikin 2010 wata mace mai suna Martha Lane Fox ta rubuta wa Gwamnati rahoto, ta ba da shawara a tara su duka wuri guda. Aka kafa ofishi na musamman don wannan aiki cikin 2011, ran 17 ga Oktoba 2012 kuwa aka buɗe shafin GOV.UK. Ƙa'idarsu ta fari ita ce a fara da bukatar mai zuwa, watau a tambaya me ya kawo mutumin nan, kafin a tambaya me ma'aikata ke so ta faɗa.

Ga misali ƙarami. Mutum yana so ya san ranar hutun Gwamnati mai zuwa. A wani shafin sai ya ratsa hoton minista da tarihin ma'aikata da dokar da ta kafa hutun. A nan kuwa yana buɗewa zai ga ranar a sama, an rubuta ta da manyan baƙaƙe, sauran bayani yana ƙasa ga mai bukata. Suka kuma umurci marubutansu su yi amfani da kalmomin da yaro ɗan shekara 9 zai gane. Kada a ɗauka wannan raini ne ga manya. Ko alƙali, in yana cikin gaggawa, ya fi son magana a fili. A wajen takardun cikewa suka ɗauki al'adar yin tambaya ɗaya a kowane shafi, mutum ya amsa ya wuce gaba, maimakon a zuba masa tambaya talatin a lokaci guda. Da suka zo gyaran takardar neman kuɗin taimakon masu jinyar 'yan'uwansu, sai suka zubar da tambaya 170, kusan rabin abin da ke ciki, aikin ofis kuwa bai tsaya ba. Akawunan da ke karanta wannan, sai kowa ya dubi takardun da ke gabansa, ya ƙirga tambaya nawa ce ba a taɓa buɗe fayil don duba amsarta ba. Cikin 2013 shafin nan ya ci lambar girma ta ƙirar da ta fi kowace kyau a shekarar, a birnin Landan, alhali kuwa babu wani ado a jikinsa sai baƙin rubutu a kan fari.

To, yaya suka san inda jama'a ke tuntuɓe? Nan ne asirin abin ya ke, kuma ba shi da tsada. A kan samo mutum daga cikin waɗanda aka yi shafin dominsu, a zaunar da shi, a ce masa, ga waya, nemi lasin tuƙi. Sa'an nan wanda ya gina shafin ya zauna gefe ya yi shiru, yana kallo. Shirun nan shi ne mai wuya, domin hannu ya kan yi ƙaiƙayi ya nuna wa mutum maɓallin da ke gabansa. Amma in aka nuna masa, gwajin ya ɓaci, tun da ya ke ran da zai yi a gida babu mai nuna masa. Wani masani ɗan ƙasar Denmak, Jakob Nielsen, ya bayyana cikin shekara ta 2000 cewa mutum 5 sun isa su tono wajen kashi 85 cikin ɗari na cikas ɗin da ke shafi, kuma gara a gwada da biyar, a gyara, a sāke gwadawa har sau uku, da a tara goma sha biyar a zama guda. Ofishin nan na Ingila har ya sa wa ma'aikatansa ƙa'ida, kowa ya kalli irin wannan gwaji aƙalla awa 2 cikin kowane mako 6, babba da yaro. Gani ya kori ji. Malaman makaranta ba za su yi mamakin wannan ba, don sun san in yara talatin suka fāɗi tambaya ɗaya, tambayar a kan fara duba.

Abin da rashin gwaji ke jawowa kuwa an gan shi a Amurka. Ran 1 ga Oktoba 2013 aka buɗe shafin HealthCare.gov, inda jama'a za su sayi inshorar lafiya. An tsara shi yadda mutum ba zai ga farashi ba sai ya yi rajista tukuna, sai masu son leƙawa kawai da masu son saye suka cunkushe a ƙofa ɗaya. Ba a kuwa gwada shi daga farko har ƙarshe ba sai ana saura kamar mako biyu a buɗe. A ranar farko mutum 6 kacal suka iya kammalawa, a ƙasar da miliyoyi ke jira. Sai da aka yi wata biyu ana gyara kafin ya daidaita.

Mu a nan muna da namu cikas da waɗancan ƙasashe ba su cika tunawa da shi ba. Yawancinmu da waya mu ke shiga intanet, da data da muka saya da kuɗinmu, a inda sabis ke zuwa yana ɗaukewa. Shafin da aka cika da manyan hotuna kuɗin talaka ya ke ci. Kamfanin Facebook ya gane haka, cikin 2015 ya fitar da Facebook Lite, ƙaramar manhaja don wayoyi masu arha da sabis mai rauni. Takardar da ke share duk abin da mutum ya rubuta don sabis ya yanke na minti ɗaya kuwa, mu a ganinmu zalunci ce, tun da adana amsa a kowane mataki ba wani aiki ne mai wuya ba.

Akwai kuma maganar sunaye, wadda ta fi ba mu haushi. Shafuka da yawa ba su karɓar alamar da ke cikin Sa'adu da Isma'ila da Asma'u, sai su ce sunan ba daidai ba ne. Haka ɓ da ɗ da ƙ, ko da ya ke tuni suna cikin tsarin baƙaƙen kwamfuta na duniya, wani shafin sai ya mai da su alamar tambaya. Mutum ya rubuta sunansa iri ɗaya a banki, wani iri a katin shaida, ran da ya zo karɓar haƙƙinsa a ce sunayen ba su dace ba. Kwanan wata ma haka, in aka aro tsarin Amurka mai fara wata kafin rana, 3 ga Afrilu sai ta koma 4 ga Maris. Maganinsa a ware akwati uku, a rubuta rana, wata, shekara a kan kowanne.

Makafi ma suna amfani da waya, da manhajar da ke karanta musu abin da ke allo da murya. Tun 1999 aka fitar da ƙa'idodi na duniya a kan wannan, cikinsu har da cewa kowane hoto a rubuta masa bayani, kowane maɓalli a sa masa suna. In ba a sa ba, abin da makaho zai ji shi ne "maɓalli, maɓalli, maɓalli," bai san wanne ke aika kuɗi ba, wanne ke sokewa.