Bayan An Jingine Takalmi

Ranar Juma'a, 22 ga Yunin 2018, ana idar da sallar la'asar muka cika wani gidan kallo a Gusau don kallon wasan Najeriya da Iceland a gasar cin kofin duniya. Da Ahmed Musa ya zura wa Iceland ƙwallo ta biyu, bencin da muke kai ya kife, janareta na ruri amma ihunmu ya danne shi. Kowa sunan Musa yake kira. Ni kuwa hankalina yana kan wani mutum da ke zaune kusa da mai horar da Najeriya, Gernot Rohr, a gefen fili: mataimakinsa, Salisu Yusuf.

Bazazzage ne, an haife shi a 1962. Ya buga tsakiya a Ranchers Bees ta Kaduna da El-Kanemi Warriors ta Maiduguri. Da ƙafa ta gaji bai bar filin ba, sai ya ɗauki usur. Yana cikin masu horarwar da suka kawo wa Kano Pillars kofin gasar ƙasa a 2008, ya kuma ci Kofin Tarayya da Enyimba a 2013. A farkon 2018 ya kai 'yan wasanmu na gida wasan ƙarshe na gasar CHAN, inda Maroko ta doke su da ci 4 da nema. Ya yi tuntuɓe kuma: a wannan shekarar Hukumar Ƙwallon Ƙafa ta Najeriya ta dakatar da shi shekara guda saboda karɓar dala 1,000 daga 'yan jaridar da suka ɓad da kama. Abin ya yi mini ciwo, don irinsa ba su da yawa a Arewa.

A bencin Iceland kuwa akwai Heimir Hallgrímsson, likitan haƙori da ya taka leda a ƙungiyar garinsu ta ÍBV. Yana buga ƙwallo yana koyar da yara, har ya kai ga riƙe ƙungiyar ƙasar. Shi da abokin aikinsa Lars Lagerbäck suka fitar da Ingila daga gasar Turai a 2016. Mutanen Iceland gaba ɗaya ba su kai na ƙaramar hukumar Gusau yawa ba, amma yaro ƙarami a can yana samun mai horarwa da ya yi karatun aikin.

Jeka filin firamare a Tsafe ko Bunguɗu da yamma. Za ka ga yara ba takalmi, an kafa duwatsu a matsayin raga, ƙura na tashi. A gefe akwai dattijon da ya taɓa yi wa garin wasa, yana kiran "Ɗago kanka, yaro, ka duba kafin ka ba da!" Kyauta yake yi, ba kwas, ba takardar shaida. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma wannan dattijon ne ke riƙe da iccen. In ana son Zamfara United ta tsaya da ƙafarta, shi ya kamata a fara turawa ya koyo aikin horarwa.