Kafin A Kai Karya Barbara, A San Inda 'Ya'yanta Za Su

Tun zamanin da, Bahaushe ba ya ajiye kare sai don aiki, watau farauta ko tsaron garke da gona. Amma a yau a unguwannin ma'aikata na Kaduna da Kano da Jos ana ajiye karnukan Turai irin su Alsashiyan don gadin gida, har wasu sun ɗauki kiwonsu sana'a. Tambayar da ya kamata mai karya ya yi wa kansa kafin ya kai ta barbara ita ce: wa zai ɗauki 'ya'yan, kuma wa zai biya kuɗin allurarsu?

Lissafin ba shi da wuya. Yawancin karnuka sukan nemi barbara sau biyu a shekara, cikinsu kuwa kwana 63 ne. Idan karya ta haifi shida a kowane karo, kwiyakwiyi goma sha biyu ke nan a shekara guda. Kowannensu yana bukatar mako takwas tare da uwarsa kafin a raba su, da maganin tsutsar ciki, da allurar rigakafin cutar fabo mai sa zawo da jini, wadda ta ɓulla a 1978, sannan allurar haukan kare idan ya cika wata uku.

Har ila yau, ba kowace karya ce ta cancanci haihuwa ba. Likitocin dabbobi suna ba da shawarar kada a yi mata barbara a karon farko, a bari sai jikinta ya ƙosa, kamar shekara biyu ga manyan karnuka. Alsashiyan suna gadon lalurar gaɓar ƙugu, wadda hoton ƙashi kan nuna. Haɗa uwa da ɗa, ko 'yan ciki ɗaya, yana ƙara yaɗa irin wannan aibu. Mafaɗacin kare ma yakan gadar wa 'ya'yansa hali.

Babban haɗarin kuwa yana ga kwikwiyon da ya rasa mai shi. Shi ne ke girma a bola da bayan mahauta ba allura. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare yana kashe mutum kusan 59,000 kowace shekara, galibi a Afirka da Asiya, kuma kashi 99 cikin ɗari daga karnuka ne. Da zarar alamunsa sun bayyana a jikin mutum, da wuya ya tashi. Alhali kuwa rigakafinsa sananne ne tun 1885, lokacin da Louis Pasteur ya fara yi wa ɗan Adam allurar a Faransa. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi da aka kafa a Vom a 1924 tana haɗa ta karnuka, masana kuma sun ce in aka yi wa kashi 70 cikin ɗari na karnukan gari, yaɗuwar ciwon kan tsaya.

Saboda haka wanda bai tanadi gida ga kowane kwikwiyo ba, gara ya kai karyarsa asibitin dabbobi a cire mata mahaifa, namiji kuma a fiɗiye shi. Aikin sau ɗaya ake yi, yana kuma kare karya daga ruɓewar mahaifa. Kuɗinsa bai kai na ciyar da kwiyakwiyi goma sha biyu ba, balle ran yaron maƙwabci.